Me Shuɗiyar Alamar X Take Nufi Yanzu?

A da, idan ka ga shuɗiyar alama kusa da sunan mutum a Twitter, ka san kamfanin ya bincika ya tabbatar shi ne mai shafin. Tun 2009 aka riƙa ba 'yan jarida, hukumomi da fitattun mutane ita kyauta.

Bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a watan Oktoban 2022 kan dala biliyan 44, sai alamar ta koma hajar sayarwa: dala 8 a wata, kowa ya biya ya samu. Ba a je ko'ina ba matsala ta kunno kai. A watan Nuwamba wani ya buɗe shafi da sunan kamfanin magunguna na Eli Lilly, ya sayi alamar, ya sanar cewa allurar insulin ta zama kyauta. Jama'a suka yi ta yaɗawa har kamfanin ya fito ya ƙaryata. Wannan wasa ne da hankalin masu ciwon sukari, kuma alamar ce ta sa aka yarda.

A watan Afrilun 2023 aka cire tsofaffin alamun. Yau a dandalin, wanda aka sauya wa suna zuwa X, alama mai ruwan zinare ta kamfanoni ce, mai ruwan toka ta gwamnatoci, shuɗiya kuwa galibi shaidar biyan kuɗi ce.