Shekarar da Kuɗi Suka Zama Hajar Sayarwa

Ilimin tattalin arziki ya ginu ne a kan abin da kowane magidanci ya sani ba sai ya shiga aji ba: buƙatu sun fi abin hannu yawa. Wannan shi masana suke kira ƙarancin abu, kuma daga gare shi zaɓi yake fitowa. Manomin Bungudu mai fadama ɗaya a bakin gulbin Sakkwato, in ya dasa shinkafa ya haƙura da masara a wannan fegin. In ya sayar da ragonsa ya sayi taki, layyar bana ta wuce shi. Abin da ya haƙura da shi ɗin nan shi ne ainihin kuɗin abin da ya zaɓa, ko da ba wanda ya rubuta masa rasit.

Farashi kuwa shi ke gaya mana inda ƙarancin yake. Da kaka, in hatsi ya cika kasuwar Tsafe, tiyar gero takan sauko. Da damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa, sai ta haye. Ba wanda ya zauna ya yanke haka, yawan kaya da yawan masu nema ne suke ja-in-ja.

Amma akwai ƙarancin da ba fari ko ambaliya ke kawo shi ba, a ofis ake sa masa hannu. Shi ne ya fi damuna, domin mun ɗanɗana shi.

Ranar 26 ga Oktoba, 2022, gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna. An ce matakin zai rage hauhawar farashi, ya daƙile jabun kuɗi, ya kuma toshe wa masu garkuwa da mutane hanyar karɓar kuɗin fansa. Mu a Zamfara wannan hujja ta ƙarshe ta shiga ranmu, don mun san me 'yan bindiga suka yi mana. Aka sa 31 ga Janairu, 2023, a matsayin wa'adin daina amfani da tsofaffin takardun, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu.

Jama'a suka kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbin kuwa ba su wadata ba. A Gusau, inda yawancin bankunan jihar suke, na ga mutane suna kama layin injin cirar kuɗi tun bayan sallar asuba, an rubuta wa kowa lamba a guntun kwali, dattawa sun shimfiɗa buzu a bakin ƙofa. Da yawansu daga ƙauyuka suka zo, sun biya kuɗin mota a kan hanya mai haɗari, a ba su abin da bai taka kara ya karya ba ko su koma haka nan. Masu POS suka shiga sayar da naira da naira. Ban ga laifinsu sosai ba, su ma saye suke yi. Duk abin da ya yi ƙaranci sai ya samu farashi, kuɗi ma ba su tsira ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai farashi biyu ne da suka bayyana a kan buhu ɗaya: na kuɗi hannu da na tiransifa. Wani kawuna ya kai dawa kasuwa, dillali ya taya da tsada amma ta waya, wani kuma ya taya da araha yana riƙe da sababbin takardu. Ya sallama wa na biyun. Na ce, "Kawu, ai ka faɗi." Ya ce, "Ɗana, ni ba ni da asusun banki, kuma mai maganin da zan biya ba ya karɓar alat." Dawarsa ba ta rage kyau ba, ba ta kuma yi yawa a kasuwa ba. Asarar da ya yi, nasa kason ne na kuɗin manufar da aka tsara a Abuja.

Haka kowace manufar gwamnati take, tana da abin da take nema da wanda zai biya. Mun ga irinta a 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a watan Satumba, duk don a matse 'yan bindiga. Niyyar mai kyau ce, amma mai sayar da akuya don ya ciyar da iyali shi ma ya matsu. A ganina, kafin a sa wa'adin canjin kuɗi ya kamata a fara ƙirga rassan bankin da ke Tsafe da Bungudu, da garuruwan da babu sabis ɗin waya, da matan da adashi ne bankinsu.

Zamfara na cikin jihohi uku na farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka maka gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli kan canjin kuɗin. Ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekarar, Babban Banki kuma bai bi umarnin ba sai 13 ga watan. A lokacin kawu ya riga ya sayar da rabin abin da ya noma, ga taki na jiransa, ga kuma cire tallafin fetur da ya biyo baya ranar 29 ga Mayu ya ninka kuɗin kai kaya kasuwa. A watan Nuwamba na shekarar kotun ta ɗage wa'adin baki ɗaya, aka ci gaba da kashe tsofaffi da sababbi tare.