Gafiya, Kurege da Beguwa Zuriya Ɗaya Ce

Idan kaka ta yi a ƙasar Gumel, aka girbe gero, aka cire gyaɗa, aka jingine riɗi don ya bushe, sai waɗansu baƙi su fito karɓar rabo ba tare da gayyata ba. Tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar da Maigatari a bakin iyakar Nijar, manomi ya san su sarai: kurege mai tonon gyaɗa, da gafiya mai cika kumatu da hatsi, da ɓeraye iri-iri masu haƙa ramuka cikin jigawa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne waɗannan duka zuriya ɗaya ce, har da beguwa.

Shaidar zumuntar tana cikin baki. Kowannensu yana da haƙoran gaba biyu a sama, biyu a ƙasa, masu kaifi kamar kurfi, waɗanda ba su daina tsiro muddin ransa. Dole ya yi ta gaigaya don su riƙa cinyewa, shi ya sa ko buhu ko ƙyaure ba su tsira ba. Wani Baturen Ingila mai suna Bowdich, wanda ya je Kumasi cikin 1817, shi ya raɗa musu suna Rodentia cikin 1821, watau masu gaigaya. Irinsu ya haura 2,000, wajen kashi 40 cikin 100 na dukan dabbobi masu shayarwa, kuma an tono ƙasusuwan kakanninsu masu shekara wajen miliyan 56.

To, amma kama da wane ba ta wane. Jaɓa, wadda ake kashewa da sunan ɓera, ba ta cikin wannan gida. Haƙoranta tsinina ne, abincinta ƙwari, saboda haka ba ruwanta da hatsin rumbu. 'Yar'uwarta ita ce bushiya. Ita kuwa bushiya, ƙayar jikinta ba ta haɗa ta da beguwa ba. Dangin beguwa su ne gyazbi da waɗansu dabbobin Amurka ta Kudu, waɗanda masana ke ganin kakanninsu daga Afirka suka haye teku. Zomo ma an daɗe ana lissafa shi cikin masu gaigaya, sai cikin 1912 aka ware masa gidansa, domin haƙoransa na sama huɗu ne, biyu suna ɓoye bayan biyu. Gafiya kanta, duk da kamanninta, ba reshe ɗaya take da ɓeran gida ba. 'Yan'uwanta na kusa har da ɓerayen tsibirin Madagaska.

Wannan rarrabewa ba wasan 'yan makaranta ba ne. Akwai wani ɓera, Mastomys natalensis, wanda macensa kan yi nono har 24, yana nan ko'ina a Afirka kudu da Sahara, yana kai da komo tsakanin gona da ɗaki. Shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa cikin 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Fitsarinsa da kashinsa a kan hatsin da aka shanya ko abincin da aka bari a buɗe, su ke kai cutar ga mutum.

Wahalar ita ce yana da ɗan'uwa, Mastomys erythroleucus, wanda da ƙyar ido ke bambanta su. Sai an kai su ɗakin bincike an ƙirga zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jikinsu: na farko 32, na biyu 38. An daɗe ana zaton na biyun ba shi da laifi, har cikin 2016 da aka bayyana cewa an sami ƙwayar Lassa a jikinsa a Nijeriya da Gini.