FETUR KO GAS: ZAƁIN DA KE GABAN MASU JAN GIDAN TAFI-DA-GIDANKA A AMURKA

A ƙasar Amurka akwai iyalai masu yawan gaske waɗanda in bazara ta kama sukan rufe gidajensu, su ɗaura wata tirela a bayan a-kori-kura su shiga yawon buɗe ido. Ita wannan tirela gida ce sosai, da gado da madafa da makewayi, kuma mafi yawansu ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana. To, duk wanda ya sayi irin wannan gida sai ya tsaya ya yanke shawara kan motar da za ta ja shi: mai shan fetur ko mai shan gas. A nan ya kamata mai karatu ya lura, man da Bahaushe ke kira gas, watau dizal, ba shi Ba'amurke ke nufi ba in ya ce "gas". Shi fetur yake nufi.

ƘARFIN JA

Kamfanoni uku ne suka riƙe kasuwar manyan a-kori-kura a can. Dodge, wanda motocinsa yanzu ake kira Ram, ya fara sa injin Cummins mai shan dizal a 1989. General Motors ya fito da injin Duramax a motocinsa na 2001, Ford kuwa ya fito da Power Stroke mai lita 6.7 a na 2011.

Abin da ya sa dizal ya yi suna wajen jan kaya shi ne ƙarfin murɗawa, watau ƙarfin da ke tayar da mota daga tsaye da kaya a bayanta. Alal misali, a motocin Ford na 2023, injin fetur mai lita 7.3 yana da ƙarfin doki 430, na dizal kuma 475, bambancin ba shi da yawa. Amma a ƙarfin murɗawa, bisa ma'aunin Amurkawa, na fetur yana da 485, na dizal 1,050, ya ninka ke nan har da ɗoriya.

Wannan fifiko yakan bayyana ne a kan tsauni. A jihar Kolorado babbar hanya mai lamba 70 takan hau har kimanin mita 3,400 a ramin Eisenhower. A can iska ba ta da kauri, saboda haka injin fetur da ba shi da na'urar turbo yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau, alhali na dizal, da yake turbo na cusa masa iska, bai cika jigata ba. Wajen gangara ma akwai birkin salansa a motocin dizal, wanda ke riƙe mota ba tare da direba ya ƙona birkin ƙafafu ba.

LISSAFIN ALJIHU

Sai dai fa ƙarfin nan ba kyauta ba ne. A 2023 wanda ya zaɓi injin dizal a sabuwar Ford sai ya ƙara kimanin dala 10,000 a kan kuɗin motar. Gaskiya ne litar dizal ta fi ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma injinsa ya fi tattalin mai, amma tun daga 2004 galibi dizal ya fi fetur tsada a Amurka. Harajin gwamnatin tarayya ma senti 24.4 ne a kan galan na dizal, na fetur kuwa senti 18.4.

Bugu da ƙari, juye ɗaya na baƙin mai a injin dizal na Ford yakan ci fiye da lita 12, na fetur bai kai lita 8 ba. Dokokin hana hayaƙi sun tilasta sa matatar toka a salansa daga 2007, sa'an nan daga 2010 aka shiga zuba wani ruwa mai sinadarin yuriya a tanki na dabam. Ita matatar ba ta son gajeruwar tafiya cikin gari, domin sai ta yi zafi sosai take ƙone tokar da ta tara, in ba haka ba ta toshe, gyaranta kuwa sai an ji a jika. A jihohin arewa masu ƙanƙara dizal yakan daskare in ba a gauraya shi da magani ba.

NAUYIN DA AKE MANTAWA

Akwai wani tarko da masu saye da yawa ke faɗawa. Tirela ba janta kaɗai mota take yi ba, tana kuma ɗauke da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinta a kan ƙugiyar baya. Tirela mai kilo 4,000 za ta danna motar da kilo 400 zuwa 600, ban da iyali da kayan tafiya. Shi kuwa injin dizal ya fi na fetur nauyi da kimanin kilo 300, kuma wannan nauyi daga abin da aka yarje wa motar ta ɗauka ake cire shi. Saboda haka sai a ga motar dizal da za ta iya jan kaya mai yawa, amma ta kasa 'yar'uwarta ta fetur wajen ɗauka. Adadin yana nan rubuce a wata takarda da ke manne a jikin ƙofar direba. Wanda ya ƙetare shi, bayan motarsa zai dusa, gaba ya yi sama, sitiyari ya yi sako-sako, tirela ta shiga lilo a kan hanya, rayuka su shiga haɗari.

Ashe ke nan nauyin tirela da yawan tafiya su ne alƙalai. Mai tirelar da ba ta wuce tan huɗu da rabi ba, wanda ke fita sau biyar ko shida a shekara, ya kuma je aiki da motar sauran kwanaki, fetur ya ishe shi, dala 10,000 ɗinsa kuma ta zauna a aljihu. Amma mai babbar tirela da ya mai da hanya gida, yana keta duwatsun yamma shekara da shekaru, dizal ne zai hutar da shi da birkinsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Mai hankali yakan kai tirelarsa kan sikeli da kayanta a ciki, ya karanta takardar jikin ƙofa, sa'an nan ya yi ciniki da dillali.