Bakin Titi a Katsina: Wurin Fakin ko Hanyar Mai Ƙafa?

Tsakanin kwalta da ƙofar shago a manyan titunan Katsina akwai ɗan fili, taku uku ko huɗu, wani wurin ma bai kai ba. Mutum biyu ne ke neman wannan fili kullum: mai mota da ke son ya yi fakin, da mai ƙafa da ke son ya wuce lafiya. Ba ya isar su duka biyun, don haka duk wanda aka ba wa, an hana ɗayan.

Mai mota yana da hujja. Wanda ya zo banki a titin IBB, ko sayayya a Babbar Kasuwa, dole ya ajiye motarsa wani wuri. In bai samu ba, zai tsaya gefen kwalta, Keke Napep biyu su jeru a bayansa, ɗan acaɓa ya kutso, hanya ta cushe. Mai shago kuma yana tsoron ciniki ya wuce shi zuwa gaba. Wannan ne ya sa masu tsara birane suka daɗe suna gindaya wa mai gini sharaɗin ware wa motoci wuri kafin a ba shi izini. Biranen Amurka sun fi kowa riƙo da wannan tsari tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai dai a tsaya gaban wata filaza da aka ja gininta baya aka shimfiɗa intalok, a ga yadda abin yake. Motoci sun jeru, hancinsu na kallon shaguna, bayansu na kallon titi. Kowace za ta fita sai da ribas, kuma ribas ɗin ta kan hanyar mutane take bi. Yarinya mai tallar gyaɗa, faranti a ka, tsayinta bai wuce but ɗin mota ba, ta yaya direba zai hango ta a madubi? Ɗan garuwa mai tura kura cike da jarkoki ba ya iya cin burki nan take. Inda kuma babu filin, motar kan hau murfin lambatu, wanda shi kaɗai ne hanyar mai ƙafa, sai makaho da ɗan jagoransa su gangaro kan kwalta suna kafaɗa da kafaɗa da tifa.

A wasu ƙasashe an fara janye wancan sharaɗi. Littafin da Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya ya fitar a 2005 ya nuna cewa fakin na kyauta ba kyauta ba ne, kuɗinsa na ɓoye cikin hayar gida da farashin kaya, har wanda bai da mota yana biya. A Amurka, birnin Buffalo ya soke tilasta wurin fakin a 2017, Minneapolis ta bi sahu a 2021. Hujjarsu mai ƙarfi ce, kuma ta shafe mu, domin fili a tsakiyar Katsina ya yi tsada. Amma su can sun riga sun mallaki hanyar mai ƙafa mai tudu da dakali, da jami'an da ke ɗauke motar da ta hau ta. In muka kwaikwayi sokewar muka bar kariyar, motocin da aka kora daga harabar gini kan masu ƙafa za su sauka.

Da aka ɗora buƙatun biyu a sikeli, ta mai ƙafa ce ta rinjaya a wurina, kuma da tazara. Mai motar da ya rasa wuri a ƙofar shago zai yi asarar minti biyar yana takawa. Wanda aka tura kan kwalta yana iya asarar ƙafa ko rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Ga shi mafi yawan mutanen Katsina ba su da mota: 'yan makaranta, almajirai, mata masu zuwa awo, tsofaffi masu zuwa masallaci. Shi kansa mai motar, da zarar ya rufe ƙofa, ya shiga sahunsu.

Gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura, wadda aka gina zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, Shugaba Buhari ya buɗe ta a Janairun 2023, ta sauƙaƙa wa ababen hawa ƙwarai. Amma faɗin titi yana jawo gudu. Tsohuwar da za ta tsallaka tagwayen hanya sai ta tsaya tana jiran sarari, ta tattare zane, ta ruga zuwa tsakiya, ta sake jira. A lungunan cikin birni, wajen Hasumiyar Gobarau, ƙuncin hanya shi ke riƙe ƙafar direba, yara na wasa a ƙofar gida. Taron ministoci na Stockholm a 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kusan abin da lungu ke yi ke nan ba tare da allon gargaɗi ba.

Tunda ana ci gaba da faɗaɗa tituna a gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa, yanzu ne lokacin yanke hukunci, kafin a zuba kankare. A fara zana hanyar mai ƙafa, a ɗaga ta sama da kwalta yadda taya ba za ta hau ba, a rufe lambatu, a dasa dogon yaro don inuwa, a bar gangara ga keken guragu. A hana fakin kusa da mahaɗa da ƙofar makaranta domin direba da yaro su ga juna. Birnin Hoboken na Amurka ya yi wannan tare da rage gudu, ya shafe shekara bakwai daga 2017 bai rasa rai ko ɗaya a titi ba. Su kuma motoci a tara su a fili ɗaya na bai ɗaya bayan kasuwa ko layin shaguna, mai mashiga ɗaya, a biya ɗan kuɗi a ba mai gadi aiki. In an yi haka, hukumar tsara birane na iya sassauta wa mai gini sharaɗin fakin, jami'an kula da zirga-zirga na KASSAROTA kuma su sami layi bayyananne da za su tsare.