Hutu a kan ruwa: Yadda tsofaffin hanyoyin dakon kwal suka zama wuraren shaƙatawa a Birtaniya

Mai tafiya a ƙasa, in ya ɗan ɗaga ƙafa, yana iya wuce jirgin. A mafi yawan hanyoyin ruwan da aka haƙa a Ingila da Wales, an ƙayyade gudu a mil 4 cikin awa guda, kuma idan matuƙi ya zo gifta jiragen da ke ɗaure a gaɓa, sai ya ƙara sassautawa. Duk da wannan tafiyar hawainiya, kowace shekara iyalai kan biya kuɗi masu kauri su yi hayar siririn jirgi na mako guda, su kwana a ciki, su yi girki a ciki, su tuƙa shi da kansu.

Jirgin, wanda Turawa ke kira narrowboat, faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawonsa kan kai ƙafa 70. A cikinsa akwai gadaje, ɗakin girki, banɗaki da falo, duk a jere kamar taragon jirgin ƙasa. Mai haya ba ya buƙatar lasisin tuƙi. Ma'aikacin kamfanin kan nuna masa abubuwa biyu kafin ya sallame shi: sandar tuƙi da ke baya, wadda in an tura ta hagu jirgin ya nufi dama, da kuma cewa jirgin ba shi da birki, sai dai a sa injin ya ja da baya.

Asalin hanyoyin

Ba don shaƙatawa aka haƙa su ba. A 1761 aka buɗe hanyar Bridgewater, wadda wani basarake mai wannan sarauta ya ɗauki nauyinta domin kai kwal daga mahaƙarsa ta Worsley zuwa Manchester. Farashin kwal a birnin ya faɗi da kusan rabi, sai masu masana'antu suka rankaya haƙa irinta. Injiniya James Brindley, wanda ya yi wannan aiki, shi ne ya tsayar da ma'aunin da ya tilasta wa jiragen zama sirara a hanyoyin da ya tsara daga baya.

Doki ne ke jan jirgi a wancan zamani, yana bin wata 'yar hanya ta bakin ruwa. A inda aka huda dutse kuwa, kamar ramin Standedge mai tsawon fiye da mil 3, babu wajen da doki zai bi. Sai a zagaya da shi ta kan tudu, ma'aikata su kwanta rigingine a kan jirgin su riƙa tokarar bango da ƙafafu har su fita.

Da jirgin ƙasa ya zo ya karya kuɗin dako, masu jirage da dama sun kasa biyan hayar gida, suka kwaso mata da 'ya'ya suka tare a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke bayan jirgin. Zanen furanni da gidajen sarauta da ake gani a jikin jirage har yau gadonsu ne. Tsananin sanyin 1962 zuwa 1963, da ya daskarar da ruwan na makonni, ya kusan ƙarasa kashe sana'ar.

Waɗanda suka farfaɗo da su

Tun kafin nan wasu sun fara gangami. A 1944 marubuci L.T.C. Rolt ya fitar da littafinsa Narrow Boat kan yawon da ya yi a jirginsa, kuma a 1946 shi da Robert Aickman suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. 'Yan sa-kai suka shiga taɓo da shebur suna yashe hanyoyin da suka cike da ciyawa da shara. Ta haka hanyar Kennet da Avon ta dawo, Sarauniya Elizabeth ta biyu ta sake buɗe ta a 1990.

Hutun da ke da aiki

Wanda ya zaci zai kishingiɗa ne kawai, zai sha mamaki a madatsa ta farko. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka aka gina wasu ɗakuna masu ƙofa gaba da baya. Jirgi zai shiga, a rufe ƙofa, a murɗa wani ƙarfe ruwa ya kwararo har ya ɗaga jirgin zuwa mataki na gaba, sannan a jingina baya a ture ƙatuwar ƙofar katako. Matafiya ne ke yin wannan da hannunsu. A Caen Hill, kusa da garin Devizes, madatsai 29 ne, 16 daga ciki a jere kamar matakala, kuma hawansu kan cinye sa'o'i biyar zuwa shida.

Ladan wahalar na gaba. A Wales, hanyar Llangollen ta bi ta kan gadar Pontcysyllte da Thomas Telford da William Jessop suka kammala a 1805. Kwatami ne na ƙarfe cike da ruwa, a kan ginshiƙai, mita 38 sama da kogin Dee. A gefe guda babu shinge, matuƙi na leƙawa sai ya hangi kwari a ƙasansa. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Wa zai biya kuɗin gyara?

Tun 2012 gidauniyar Canal & River Trust ce ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi, da gadoji da tafkunan da ke shayar da su, waɗanda da yawansu sun haura shekara 200. A watan Agustan 2019 wani ɓangare na madatsar tafkin Toddbrook ya zaftare bayan ruwan sama mai ƙarfi, aka kwashe mazauna garin Whaley Bridge kusan 1,500 don gudun ambaliya. A shekarun fari kuma akan rufe wasu madatsai, domin kowane jirgi da ya wuce yakan tafi da dubban galan na ruwa zuwa gangare.

A 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa tallafin da take bai wa gidauniyar zai ragu daga 2027, gidauniyar kuma ta yi gargaɗin cewa hakan na iya kaiwa ga rufe wasu hanyoyi. Abin bai tsaya kan masu hutu ba, domin dubban mutane, musamman a Landan inda haya ta yi tsada, jirgin ne gidansu. Hanyoyin da 'yan sa-kai suka tono daga taɓo na iya komawa cikinsa idan aka rasa mai canza ƙofa in ta ruɓe.