Magidantan Sin da Jarrabawar Turanci

Shirinmu na musamman a yau zai kai mu ƙasar Sin, mu duba halin waɗansu ɗalibai da suka wuce ƙuruciya, magidanta da matan aure, waɗanda bayan sun yini a masana'anta ko ofis ko kanti, sukan raba dare suna muɗala'ar Turanci saboda jarrabawa.

Wanda duk ya san tarihin Sinawa ba zai yi mamakin girman da suke ba jarrabawa ba, gama tun zamanin daular Sui sarakunansu suke zaɓen ma'aikatan mulki ta wannan hanya, al'adar da ta yi shekara wajen 1,300 kafin a soke ta a 1905. Da fitinar nan da ake kira Juyin Al'adu ta lafa, aka mayar da jarrabawar shiga jami'a a 1977, mutum wajen miliyan 5.7 suka zauna mata, da yawansu manya ne da shekarun hargitsi suka cinye musu samartaka a gonaki, alhali waɗanda aka ɗauka ba su kai 300,000 ba. A 1981 aka buɗe wata ƙofa ga wanda ya rasa gurbi, wato zikao, jarrabawar mai karatu da kansa, wadda ba ta tambayar shekarun mutum. Shekara ta zagayo, talabijin ɗin ƙasar ya fara nuna darussan Turanci na shirin Follow Me na BBC, manya suka zauna gaban akwati suna maimaita jimloli.

Amma inda al'amarin ya fi tsanani a yau, shi ne jarrabawar neman digiri na biyu, kaoyan, wadda ake yi a watan Disamba, wadda kuma masu nemanta suka haura miliyan 4 a 2023, cikinsu har da ma'aikata masu iyali. Takardar Turancinta awa 3 ce, makinta 100, kuma 40 daga ciki suna rataye ne a kan matani 4 kacal, kowane da tambaya 5, kowace tambaya da amsa 4 da za a zaɓi ɗaya. Shi ya sa ɗaliban suke da wata magana da ta zama musu kamar ƙa'ida, cewa wanda ya mallaki fahimtar karatu ya mallaki duniya. Matanin nan kuwa galibi daga jaridu da mujallun Ingila da Amurka ake tsamo su, irin su The Economist, suna bahasi kan tattalin arziki da shari'a da kimiyya.

Ɗalibi yakan fara da lugga, domin manhajar ta ƙunshi kalmomi wajen 5,500, Sinawa kuwa gwanayen hadda ne. Sai dai da yawa sukan haddace kalmomin kaf, su buɗe matani, su san ma'anar kowace kalma ita kaɗai, amma jimlar ta gagare su. Dalili shi ne ginin harsunan biyu ya saɓa. Inda Turanci, kamar Hausa, zai ce "mutumin da ya sayi littafi jiya", Sinanci sai ya gabatar da jiya da saye da littafi tukuna, sa'an nan ya kawo mutumin a ƙarshe. Fi'ilinsa kuma ba ya sauya siga saboda lokaci. To, idan marubucin Turanci ya ambaci suna, ya jero masa bayani uku ko huɗu a baya, har fi'ilin jimlar ya yi nisa da fa'ilinsa layi uku, sai Basine ya ɓace a tsakani. Waɗannan su suke kira dogayen jimloli masu wuya, har an wallafa littattafai a kansu su kaɗai. Maganin da malamansu suke bayarwa, duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu a zaure zai gane shi, domin i'irabi ne tsantsa: a nemo fi'ili a ja masa layi, a nemo fa'ili da maf'uli, a kewaye sauran da baka, sa'an nan a mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka sai takardun shekarun baya, zhenti, waɗanda ɗalibi mai himma ba ya wadatuwa da sanin amsarsu ta daidai. Yakan tsaya a kan amsa uku da suka saura ya nemi illar kowace: wannan ta faɗi fiye da abin da marubuci ya faɗa, waccan gaskiya ce amma ba ita aka tambaya ba, ta ukun ta ari kalmomin matanin ta juya ma'anarsu. Duk inda ya faɗi, sai ya rubuta a wani littafi da ya keɓe wa kurakuransa, ya riƙa muraja'arsa a cikin jirgin ƙasa a hanyar aiki. A ganina wannan shi ne mafificin abin da ke cikin tarbiyyar, domin yana koya wa mutum rarrabe abin da marubuci ya ce da abin da shi mai karatu ya zata, ya kuma nemi hujja daga nassi.

Duk da haka akwai naƙasa, Sinawa da kansu sun raɗa mata suna, suna cewa Turancin bebe. Da yake takardar Turanci ta kaoyan ba ta auna ji ko magana, sai ka sami wanda zai warware maƙalar tattalin arziki, amma baƙo ya tambaye shi hanya harshensa ya sarƙe. Laifin ba na magidancin da ya sayar da barcinsa ba ne, domin abin da aka ce za a auna shi ya tanada; gyaran yana wuyan masu tsara jarrabawar.

Kai kuma mai sauraro da ke da jarrabawa a gabanka, ko da furfura ta fara fito maka, ɗauki matani guda a daren nan, kada ka tashi sai ka san dalilin da ya sa amsa ukun nan ba daidai ba ne.