Bas mai gas: abin da ake faɗa a tasha da yadda abin yake

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gwamnatin tarayya ta kafa shirin CNG, wato gas ɗin mota da ake matsewa, jihohi irin su Kaduna suka sayo bas-bas masu amfani da gas. Har yanzu akwai fasinjan da ba ya yarda ya zauna kusa da tukunyar gas ɗin, wai bam ce.

Tushen tsoron shi ne ana ɗaukar gas ɗin mota da na girki abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Na girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo sai ya kwanta a ƙasa yana jiran wuta. CNG kuwa ya fi iska sauƙi, sama yake tashi ya watse. Sai dai ana matse shi da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki fiye da sau 20, shi ya sa tukunyarsa ke da kauri, ba ɗinkin walda a jikinta, kuma tana da bawul mai sakin gas in zafi ya yi yawa.

To, motar da ta fashe a gidan mai a birnin Benin a Oktoban 2024 fa? Ta faru, mutane sun ji rauni. Amma hukumar shirin ta ce tukunyar haɗin mai walda ce, ba ta masana'anta ba. Direban da ya kai motarsa a juya masa ita zuwa gas a gefen titi don araha, shi ne abin tsoro.

Ana kuma cewa Malesiya ta daina CNG, mu kuma aka kawo mana. Gaskiya ta sanar da dainawa a 2024, dalilinta kuwa tukwanen da suka kusa cika wa'adinsu na shekara 15, da masu liƙa tukunyar girki a mota. Indiya fa tun 2002 aka mayar da bas-bas ɗin birnin Delhi kan CNG.

Ƙorafin direbobi ne ba ƙarya a ciki. Injin fetur da aka juya yana ɗan rage ƙarfi, ana ji a hawa in mota ta cika. Tukunya ɗaya ba ta kai tanki nisa. Gidajen gas kuma a Arewa ƙalilan ne, yawanci da tirela ake kawo musu, don haka direba kan ɓata rabin yini a layi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, shi ake jira ya sauƙaƙa wannan, an kuwa sha ɗaga ranar kammala shi.